Eriya Mai Tsawon Hannunta

A layin da ke bayan kasuwa, daidai inda kwata ta karya kwana, akwai wata rumfar kwano da tsofaffin ƙafafun keke ke rataye a jikinta. Mai rumfar dattijo ne gajere, da furfura a gemu da baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda sabulun duniya ya gaza fitarwa. Kaf layin ba a san shi da wani suna ba sai Me-ya-sa, kuma shi ya jawo wa kansa. Idan ka kawo masa faci, ba zai taɓa tayar ba sai ya ji ta wace hanya ka biyo, me ka ɗauko, kuma me ya sa kullum tayar baya ce ke shan wahala ta gaba tana zaman lafiya. Wanda ya zo da sauri ya haɗu da gamonsa. Sai dai keken da ya bi ta hannunsa ba ya komowa da ciwo ɗaya sau biyu, shi ya sa mutane ke haƙuri da bakinsa.

Shi da kansa yakan ce ya zaɓi gyaran keke ne saboda keke ba munafuki ba ne. Ga kaca, ga feda, ga birki, kowa aikinsa a fili, babu abin da ke ɓoye a cikin akwati. Wannan ne ya sa rediyo ya tsaya masa a rai tsawon rayuwarsa. Yana son sa, yana kuma jin haushinsa. Mutum yana can wata uwa duniya yana magana, muryarsa ta tsallako gidaje da bishiyoyi ta shigo ɗakinka ba sallama, ka buɗe bayan akwatin ba ka ga komai ba sai 'yan wayoyi da ƙura.

Matarsa kuwa Allah ya yi ta marar yawan magana, kamar don a daidaita ma'auni. Doguwa ce, ta fi shi tsawo, tana da keken ɗinki a ɗakin baya inda take haɗa wa yaran maƙwabta kaya. Mutanen dā ne su biyun. Ita ba ta faɗin sunansa sai dai Malam, shi kuma ba ya faɗin nata ko da wasa. Idan yana son ruwa sai ya ce wa iska, "Yau ana zafi," ruwa ya zo. A haka suka haifi 'ya'ya, suka aurar, gida ya koma daga shi sai ita. Da safe ya fita rumfa, ita ta hau keke, abinci ya zo ya wuce, hira kuwa babu hanyar da za ta shigo, domin ba su taɓa koyon yadda ake fara ta ba.

Sai aka gina wani bene a bayan gidansu, dogo, ya tare musu rana ya tare iska. Tun daga ranar da aka zuba masa rufi, tashar da Me-ya-sa ya fi so ta shaƙe. A tashar nan ake yin wani shiri da yamma, idan rana ta yi sanyi, inda masu saurare ke aiko tambaya masana su amsa. Ka ga kuwa an taɓa wa Me-ya-sa inda yake masa ƙaiƙayi. Yanzu da ya kunna sai shuuu, muryar ta leƙo ta koma.

Wata yamma yana fama da murɗe-murɗe, matar ta shigo goge tebur. Ta kama ƙarfen eriyar don ta matsar da rediyon, sai murya ta fito tar. Ta saki, shuuu. Ta sake kamawa, tar. Suka dubi juna. Me-ya-sa ya ce a gwada da nasa hannun, kuma ya yi, amma ina, mutumin da ke musu da rediyo da hannu bibbiyu? Da an yi tambaya sai ya saki ƙarfen ya hau nuna wa akwatin yatsa, kafin ya farga amsar ta wuce cikin shuuu. Matar ta jawo 'yar kujera, ta zauna gefensa, ta riƙe kan eriyar da yatsu biyu.

Daga ranar abin ya zama jiki. Lokaci na yi zai ce wa iska, "Ya fara fa." Keken ɗinki ya yi shiru, takalmi ya taho, kujera ta ja. Shi yana musu da masana, ita tana riƙe da ƙarfe, in ya kwafsa ta yi wata 'yar dariya ta hanci wadda ba ta kai ta buɗe baki ba. Shekaru suka yi a haka. A duk yini, wannan ne kaɗai lokacin da suke zama kafaɗa da kafaɗa, kuma shi ne abin da malamin tambaya ya tashi rusawa da hannunsa, yana ganin gyara yake yi.

Autarsu ce ta tayar da zancen. Ta zo gaishe su wata yamma, ta tarar da uwar ta tallafe gwiwar hannun dama da hannun hagu, tana ɗan yamutsa fuska idan ta motsa kafaɗa.

"Baba, tsakani da Allah, yanzu Inna ce eriyarka?" in ji Auta. "Dubi kafaɗar nan fa. Ta yini kan keke, ta zo nan ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota."

"Ke, ba ruwanki," in ji uwar.

"Da ruwana mana, Inna. Ni nake sayo man shafawar."

Me-ya-sa ya dubi hannun matarsa, ya ji kunya ta gaske, domin bai taɓa lura ba. Amma halin mutum jarinsa. Kafin kunyar ta gama sauka, wata tambaya ta riga ta hau kanta: to wai me ya sa ma idan ta taɓa yake warwarewa? Mene ne a jikin ɗan Adam da rediyo ke so?

Washegari ya ɗaure rediyon a bayan keke ya tafi da shi rumfa. Abin mamaki, a rumfa yana kamawa ba laifi ko ba a taɓa ba, wannan ma ya zama wata tambayar. Ya tura eriyar ciki har murya ta dushe, sannan ya shiga gwaji. Duk wanda ya kawo gyara sai ya riƙe ƙarfe kafin a duba masa keke. Ya gwada mai ƙiba, ya gwada siriri, ya gwada wanda ya jiƙe da gumi da wanda ya fito daga wanka. Wani mai dakon kaya ya riƙe, ya ce, "Baba, in dai wuta za ta ja ni ka faɗa min in yi sallama da iyali." Ya jingina cokali, ya rataya jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗa wayar birki. Abin da ya gano shi ne, duk abin da ya ƙara wa ƙarfen tsawo yana ƙara wa muryar ƙarfi, kuma idan ya ɗaga rediyon sama da kansa ya fi kamawa.

Nan ya yi lissafin masu gyaran keke. Idan ƙarfe ɗaya kunne ɗaya ne, ai ƙafar keke kunnuwa ce birjik, ga ta a zagaye, ta ko'ina murya ta ɓullo za ta cafke. Ya zaɓi ƙafa mafi girma a rumfar, ya cire taya, ya kankare tsatsa har tana ƙyalli, ya haɗa wayoyin birki baki da baki, ya hau ya kwantar da ita a kan kwanon ɗaki ya danne da dutse. Maƙwabta suka fito kallo. Wata tsohuwa ta tambaya ko sauran keken na nan tafe.

Da yamma ya kunna yana murmushi. Tashoshi biyu suka shigo tare, wani na bayanin ciwon ido, wani na sharhin ƙwallo, a ƙarƙashinsu kuma shuuu na nan daram. Sai ya ce wa iska, "Ya fara fa." Matar ta zo, ta zare wayar birkin ta ajiye gefe, ta riƙe ƙarfenta.

Matambayi ba ya ɓata, in ji masu magana. Me-ya-sa ya haɗiye girman kai ya nufi shagon mai gyaran rediyo da ke ƙarshen layi, tsohon abokin tsokanarsa ne, mutum mai tabarau ɗaure da zare. Shagon cike yake da matattun rediyoyi har rufi, ga ƙaurin dalma.

"A'a, sarkin faci!" in ji mai rediyo. "An ce ka ɗora keke a kan ɗaki. Sama za ka yi tafiya?"

"Bar wannan. Me ya sa bai yi ba?"

"Don ka kwantar da ƙarfe a kan ƙarfe. Kwanon ya shanye komai. Sannan ita wannan murya ta FM ba ta iya kwana ba, miƙe take tafiya kamar kallon ido. Benen nan ya tsaya tsakaninka da tasha. Sai ka haura inda za ta gan ka."

Ya fito masa da eriya kala biyu na sayarwa. Ɗaya 'yar ƙarama mai ƙaho biyu ta ɗorawa a tebur, ya ce wannan a ɗakinku wahalar banza ce, tunda ɗakin ne a rami. Ɗaya kuma mai kama da ƙashin kifi, ya ce tana jawo tasha daga nesa amma gefe ɗaya take kallo, idan iska ta juya ta sai ka sake hawa. Me-ya-sa ya jujjuya su, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa. Abin da ya dame shi ɗaya ne, kowace sanda a jikinsu da iyakar tsawonta.

"Me ya sa ba a yi su dogaye ba, su fi kamawa?"

"Ai nan kuka ɓata, ku masu keke. Ba girma ake so ba, daidai ake so. Kamar takalmi ne. In za ka haɗa da kanka, sanda biyu kawai ta ishe ka, kowace tsawon hannun babban mutum, daga kafaɗa zuwa kan yatsa. Ka shimfiɗa su a kan katako kamar wanda ya buɗe hannuwa, kada su taɓa juna a tsakiya, ƙirjin ya fuskanci tasha. Ka nemi baƙar wayar nan mai kauri, mai jan ƙarfe a tsakiya da raga a kewaye. Zuciyar ga sanda ɗaya, ragar ga ɗayar. Ka yi nesa da wayar lantarki in kana son ganin jikokinka, in hadari ya taso kuma ka zare ta daga rediyon."

"To me ya sa tsawon hannu?"

"Muryar tafe take a iska hawa da sauka, kowane hawa da saukar da tsawonsa. Hannun mutum ya yi kusan rubu'insa."

"Wa ya auna?"

"Tashi ka ba ni wuri, ina da aiki."

A hanya Me-ya-sa ya miƙa hannunsa ya duba, ya tabbata nasa bai kai na babban mutum ba, komai son kai. Ya tuna hannun da rediyon ya saba da shi. Da ya isa gida ya tsaya a ƙofar ɗakin baya da zare a hannu, yana gyaran murya.

"A ɗan miƙo hannu."

Ta ɗago kai daga ɗinki. "Malam, riga za ka ɗinka min?"

"Awo ne kawai."

Ta miƙa. Ya dafa bakin zaren a kafaɗarta, ya ja shi har kan doguwar yatsa. Kafaɗar da ɗumi, ta ɗan kumbura. Rabon da ya riƙe hannun nan da rana tsaka har ya manta. Ita ta kau da kai tana kallon bango, kunya ta kama ta kamar yarinya. Da wani ne da ya ɗan tsaya a nan, ya ce wani abu. Shi kuwa gogan naka ya ƙulle zaren, ya ce madalla, ya fita neman zarto.

Wannan karon aikin ya yi kyau, ba a raina masa hannu. Ya samo siririn bututun alminiyam ya yanka biyu daidai da zaren, ya ɗaure a katako da noti, ya rufe mahaɗar da robar cikin taya don ruwa, ya ɗora a kan dogon bututun ƙarfe. Wani maƙwabci ya riƙe masa tsani. Ya kafa bututun a kusurwar gidan da ta kauce wa benen, ya ɗaure da waya ta gefe uku, ya ziro baƙar wayar ta saman taga. Aka bar matar a ɗaki ta zama kunne.

"Yaya?" ya ƙwala daga sama.

"Bai yi ba!"

Ya murɗa kaɗan. "Yanzu fa?"

"Ya ɗan yi. Koma baya. A'a, ka wuce. Dawo. Tsaya nan!"

Maƙwabcin ya ce tunda ya tare a layin bai taɓa jin muryarta ta kai ƙofar gida ba sai yau. Me-ya-sa ya sauko yana haki, ya faɗa ɗaki. Ya tarar da ita zaune, yatsu biyu a kan ƙarfe saboda sabo.

"A saki mu gani."

Ta saki. Murya ta ci gaba tar, har ana jin numfashin mai magana. Me-ya-sa ya tafa hannu, ya zagaye tebur, ya leƙa taga ya gai da eriyarsa. Ita kuwa hannun nata ya tsaya a sama na ɗan lokaci, ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta goge shi a zani, ta ce, "Sannu da aiki, Malam," ta mayar da kujerar jikin bango ta fita.

Kwanakin farko ya sha daɗi, ba ƙarya. Tashoshin da bai san da su ba suka yi ta ɓullowa, har da masu yaren da ba ya ji, ya zauna yana tambayar kansa me suke wa dariya. Auta ta zo ta yaba, ta ce yanzu ka yi abin kai, Baba. Mai rediyo ya zo ya ɗaga kai, ya ce ba laifi, an bar sahun masu faci.

Lokacin shiri na yi, bakinsa ya faɗi abin da ya saba: "Ya fara fa."

Daga ɗakin baya aka amsa, "Ai ina jiyo shi daga nan, lafiya lau yake yi." Keken ɗinki ya ci gaba da gudu.

Ya yi musu da masana shi kaɗai. Ya kwafsa wata amsa kwafsawa mai kyau, ya juya gefe yana jiran 'yar dariyar hancin nan, ya ga kujera a jikin bango da tsumma a kanta. Gobe ma haka, jibi ma haka. Shirin ya fita masa a rai. Sai a kammala bai riƙe tambaya ko ɗaya ba, kunnensa na can wajen ƙarar keken ɗinki, yana jiran ta tsaya. Kewa ce ta kama shi, kewar mutumin da ke bayan bango ɗaya da shi, kuma ya san ba kowa ya jawo ba sai shi. Garin neman gira ya rasa ido. Abin da ya fi ci masa rai, ya rasa da wane baki zai ce ta zo, tunda ba ruwa yake so ba, ba abinci ba, kuma rediyo lafiyarsa ƙalau.

Sai ya yi dabarar da ko yaro ba zai yi alfahari da ita ba. Wata yamma ya dubi ƙofa, ya sa hannu bayan rediyon ya zare baƙar wayar, ya bar ta tana reto. Shuuu ya cika ɗaki. Ya ƙara murya don ya kai ɗakin baya, ya gyara zama.

"Ya fara fa."

Keken ɗinki ya yi shiru. Takalmi ya taho. Ta tsaya a kansa, ta dubi rediyon, ta dubi wayar da ke reto, ta dube shi. Ta sunkuya ta mayar da wayar mazauninta, murya ta dawo tar.

"Iska ce ta cire, Malam?"

Ya duba taga. Ko ganye ba ya motsi. Ya murɗe rediyon ya kashe, karo na farko da aka taɓa kashe shi ana tsakiyar shiri. Sannan ya yi tambayar da ta kamata ya yi tun kafin ya hau kan kwano.

"Me ya sa ba ki taɓa cewa kafaɗar na ciwo ba?"

Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. "Da na faɗa, ai da tuni ka yi abin da ka yi yanzu."

"Ke nan ba ki so na gyara ba?"

"Gyara ya yi kyau. Kafaɗa ta huta." Ta dubi kujerar da ke jikin bango. "Amma dā ina da dalilin shigowa. Rediyo ne ke kira na, Malam. Kai ba ka taɓa kira ba."

Ta juya ta kama hanyar ƙofa. Me-ya-sa ya ji maganar ta sauka masa har ciki. Ya buɗe baki, maganar da yake wa iska ce ta fara zuwa masa kamar kullum, yau ana zafi, yau an gaji, ya haɗiye su duka. Ya kira ta da sunanta, sunan da rabonsa da bakinsa tun kafin a haifi ɗansu na fari. Ya fito a karkace, kamar kacar da ta daɗe ba mai.

Ta tsaya cak, hannu a kan labule.

Ya tashi da kansa ya ɗauko kujerar, ya kaɗe tsumman, ya ajiye ta a inda ƙafafunta suka yi wa siminti alama. "Zo ki zauna."

"In riƙe me?"

"Ba komai. Zama kawai."

Ta dawo a hankali ta zauna, ta haɗa hannuwanta biyu a cinya. Ya kunna rediyon. Wani mai saurare ya aiko yana tambayar me ya sa tayar baya ta fi saurin yin faci. Me-ya-sa ya zabura, ya ɗaga hannu bibbiyu zai fara, sai ya ji 'yar dariyar hancin nan a gefen kafaɗarsa. Ya sauke hannuwan, ya bar masana suka amsa abinsu.